Babi na Shida: Hisabin Wuta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Duk wanda ya bi titin Zariya daga gadar Dangi ya nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya karya ya faɗa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi, ko kuwa ya miƙe wajen kasuwar Tarauni da kasuwar waya ta Farm Centre, in dai ranar an ɗauke wuta, to, kunnensa ba zai rabu da rurin injuna ba, manya da ƙanana, wani a ƙofar shagon tela, wani a bayan kantin magani, wani a ɗaure da sarƙa jikin taga don gudun ɓarawo. In kuma ya ɗaga kai zai ga farantan sola jere bisa rufin kwano, kowanne yana duban inda mai ɗaura shi ya ga dama. Da za a tattara ƙarfin waɗannan injuna da farantai da batura a rubuta su a takarda guda, lalle da an ga unguwar nan tana da babbar tashar wuta tata ta kanta, wadda mutanenta suka saya da guminsu, sai dai an yayyanka ta gunduwa-gunduwa, babu guntun da ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki. Ƙaramar hukumar Tarauni ba ta wuce murabba'in kilomita 28 ba, alhali ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a cikinta, yau kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsu. Irin wannan cunkoso, wanda ake kuka da shi ta fuskoki da yawa, shi ne sharaɗin farko na abin da za mu tattauna, watau yadda unguwa guda za ta haɗa wutarta wuri ɗaya, da kuma hisabin da ake tafiyar da irin wannan tarayya da shi.

Dalilin da ya kai mutane ga wannan hali sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. Wutar da ke isowa Kano daga nesa take tasowa, daga madatsun Kainji, wanda aka gama a 1968, da Jebba da Shiroro, da kuma tashoshin iskar gas na Kudu, ta biyo dogon layi ta Kaduna ta sauka a Kumbotso, sa'an nan kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rabon wuta a Nuwamban 2013, ya rarraba ta tsakanin Kano da Katsina da Jigawa. Rabon waɗannan jihohi uku kimanin kashi 8 ne cikin ɗari na abin da ƙasa ta samar, abin da ƙasa ke samarwa kuwa ya daɗe yana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000. A watan Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya sami matsala, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Kafin nan an janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin yunit guda ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, zuwa naira 225. Saboda haka mai shago a Tarauni yau yana da ƙofofi uku ko huɗu da wuta za ta shigo masa, da ta Nepa, da ta inji, da ta rana, da ta batir, kowace da farashinta da lokacinta da aibinta, kuma kullum sai ya yanke hukunci a tsakaninsu da ka, ba tare da ya san cewa mas'alar da yake fama da ita mas'ala ce da manyan malaman lissafi suka ƙarar da rayuwarsu a kanta ba.

Haɗa unguwa a kan tasha guda ba sabon abu ba ne a duniya. A 1877 wani Ba'amurke mai suna Holi ya shimfiɗa bututu a ƙarƙashin titunan garin Lokfot yana sayar wa gidaje tururi don ɗumama ɗaki, a 1882 kuma Edison ya kunna tasharsa a birnin Niyu Yok, wadda ba ta wuce ta wadatar da 'yan layuka na unguwa ɗaya ba. Mutanen Danmak, da tsadar mai ta 1973 ta ƙona su, sai suka kafa doka a 1979 wadda ta ɗora wa kowace hukumar gari tsara yadda za a ɗumama gidajenta, har ya zama yau wajen kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar ruwan zafi ne ke zo musu ta bututu daga tashar unguwa. Mu da ba sanyi ke damunmu ba, misalin da ya fi kusa da mu shi ne wanda duk alhajin da ya yi ziyara ya ji shi a jikinsa ko da bai san asalinsa ba: sanyin da ke fitowa daga gindin ginshiƙan Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a cikin masallacin ake yinsa ba, akwai tasha kimanin kilomita 7 daga wurin, inda ake sanyaya ruwa a turo shi ta ƙarƙashin ƙasa, ya shanye zafin masallaci ya koma a sake sanyaya shi. Hikimar duk ɗaya ce, ko zafi ake rabawa ko sanyi ko wuta. Babban inji ya fi ƙarami tattalin mai. Abin da inji ke zubarwa na zafi, wanda ya kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da ya sha, ana iya tare shi a yi aiki da shi in akwai mai bukatarsa a kusa. Sa'an nan, wanda ya fi duka muhimmanci a wurinmu, mutane ba su bukatar wuta gaba ɗaya a sa'a guda.

Kano ma ta fara taɓa wannan hanya. Bayan gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016, Hukumar Samar da Wuta a Karkara ta shigo da kamfanin Rensource a 2018, aka ɗaura farantai bisa rufin kasuwa ana sayar wa 'yan tireda wuta shago-shago, don a rage ƙananan injuna da jarkokin fetur a tsakanin kaya. A Satumban 2019 aka buɗe tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, wadda ta haɗa rana da batir da injin gas, a Janairun 2023 aka buɗe ta megawat 10 a Kumbotso, a Zawaciki kuma akwai ta megawat 1 da ke haɗe da layin KEDCO, tana cike giɓi sa'ad da wutar sama ta yanke. Doka ma ta yarda, domin tun 2016 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin unguwa, waɗanda ba su wuce megawat 1 ba. Amma a nawa ganin, sayen farantai da yanke kintinkiri ranar buɗewa shi ne mafi sauƙin aikin. Wuyar tana zuwa washegari da asuba, sa'ad da wani zai zauna ya ce yanzu wane inji za a tayar, batir za a ja ko ajiye shi za a yi sai magariba, wa za a ba, wa za a ce ya dakata. Kuma wannan tambaya ba ta ƙarewa, kowace sa'a sai ta dawo, shekara ashirin ko fiye.

To, a nan samfurin lissafi ke shigowa. Abin da ake nufi da shi shi ne a siffanta unguwa da lambobi a cikin kwamfuta, ta yadda za a jarraba shawara a takarda kafin a jarraba ta da man mutane. Ana gina shi ne bisa littattafai uku: na bukata, da na samu, da na iyaka.

Littafin bukata shi ne mafi wuyar rubutawa, shi ne kuma wanda baƙon injiniya ya fi yin kuskure a cikinsa, domin yinin Gyaɗi-Gyaɗi yana da tsarinsa wanda ba a karanta shi a makaranta. Bayan sallar asuba famfunan rijiyar burtsatse ke fara tashi, 'yan garuwa sun jera kurarsu a bakin tanki, mata sun aika yara da robar wake wurin mai markaɗe saboda ƙosai. Da hantsi teloli sun buɗe, masu aski sun kunna, mai walda ya jawo wayarsa bakin titi, wanda duk sa'ad da ya ɗosana sandarsa a ƙarfe sai ƙwan fitilar maƙwabcinsa ya lumshe ido. Tsakanin azahar da la'asar zafi ya kai maƙura, fanka da firiza da na'urar sanyaya ɗaki suna ta aiki, amma gidaje da yawa babu kowa sai mata da ƙananan yara. Da magariba al'amari ke juyewa: shagunan sana'a sun fara rufewa, gidaje sun cika, an kunna fitila da talabijin, wayoyi sun hau caji, mai shayi da mai tsire sun haska teburinsu, kuma a daidai wannan sa'a, da bukata ta kai ƙololuwarta, rana ta riga ta faɗi. Ranar Juma'a dabam take da Litinin. Makon Sallah, da teloli ke kwana bisa keke, dabam yake da makon da ke biye. Azumi kuwa, musamman in ya faɗo a bazara, yana sake fasalin yini ɗungurungum, domin ana neman ƙanƙara da la'asar kamar za a yi faɗa, kuma unguwa tana farkawa da tsakar dare don sahur. Tun da yake watan azumi yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, samfurin da aka ɗora bisa kalandar Turawa kaɗai zai riƙa ɓata kowace shekara, mai shi bai san dalili ba.

Mu ƙaddara, don misali kawai, akwai layi mai shago 40, kowanne ya sayi inji mai kilowat 3 saboda sa'ar da ya fi jan wuta. Jimla kilowat 120 ke nan aka saya. Amma in an sa mita aka auna layin gaba ɗaya, ba mamaki a tarar bai taɓa jan rabin wannan a lokaci guda ba, domin sa'ad da mai walda ke aiki mai shayi yana barci. Rabin kuɗin da aka zuba ke nan yana zaune ba aiki. Kuma asarar ba ta tsaya nan ba, domin babban injin gas, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, yakan sha wajen lita 0.3 ya ba da yunit guda, alhali ƙaramin injin fetur da ke ruri don ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya yana iya shan ninki biyu na wannan ko fiye. Babban injin ma yana da nasa hali: in aka bar shi yana tafiya da abin da bai kai sulusin ƙarfinsa ba, man ba ya ƙonewa sarai, sai ya riƙa tara baƙin maiƙo a bututun hayaƙi, rayuwarsa ta gajarta. Shi ya sa masu sanin aikin suka fi son injuna biyu ko uku matsakaita bisa ƙato guda, don a tayar da ɗaya ko biyu gwargwadon bukata.

Littafin samu ya fi sauƙi kaɗan, amma shi ma yana da tarkonsa. Allah ya wadata Kano da rana, abin da ke sauka bisa murabba'in mita guda a yini yana kai wa yunit 5 zuwa 6. Sai dai ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri guda da ya ƙaru yana rage masa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, sa'ad da iska kanta ta wuce digiri 40, farantin da ke kwance bisa kwano yana iya kai wa 60, watau ya yi asarar fiye da ushirin ƙarfinsa a ranar da aka fi bukatarsa. Da hunturu kuma ƙura ce, wadda ke tare rana a sama, ta kuma kwanta bisa gilashi, har yaron da ke hawa da bokiti da tsumma ya zama yana cikin ma'aikatan tasha na haƙiƙa, kuma kuɗin ruwansa da ladansa wajibi ne su shiga lissafi. A Agusta hadari ne. Wutar Nepa kuwa ita ce baƙuwar da ba ta aiko da saƙo, don haka samfuri ba ya rubuta mata sa'a tabbatacciya, sai ya duba yadda ta saba zuwa wannan layi a watannin baya, ya yi shiri iri biyu ko uku, ɗaya in ta zo, ɗaya in ba ta zo ba.

Littafin iyaka shi ne inda ake rubuta abin da ba ya yiwuwa. Taransfoma tana da nauyin da in an wuce shi za ta ƙone, unguwa ta shiga karo-karo. Waya tana da kaurin da ya ƙayyade abin da za ta ɗauka. Famfo da firiza, a daƙiƙar da suka tashi, suna fizgar ninki da yawa na abin da suke ci in sun daidaita, saboda haka ba a tayar da su gaba ɗaya. Batirin dalma, wanda ya fi yawa a gidajenmu, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, zafi kuma maƙiyinsa ne, har masu yinsa suna cewa ƙarin digiri 10 bisa 25 yana raba rayuwarsa biyu. Na litiyam ya fi jimiri, ya fi tsada. Daga nan za a gane cewa wutar batir ba kyauta ba ce ko da rana ce ta cika shi, domin duk yunit ɗin da ya shiga ya fita ya ci wani abu daga kwanakinsa, kuma mai hisabi na gaskiya sai ya sa wa wannan cin farashi, in ba haka ba zai yi shekara biyu yana murna da riba, a ta uku kuɗin sabon batir ya cinye ta duka.

Akwai wani abu da nake so mai karatu ya tsaya a kansa, domin a nan ne unguwa irin tamu ta fi samun rangwame, kuma shi aka fi mantawa. Ba a batir kaɗai ake ajiye wuta ba. Tankin ruwa da ke bisa hasumiya ma'aji ne: in an tayar da famfo da tsakar rana, sa'ad da farantai ke ba da fiye da abin da ake bukata, ruwan zai zauna a sama har asuba bai ragu ba, kuma tanki ba ya tsufa don an cika shi an zazzage. Ƙanƙara ma haka. Tan guda nata, kafin ya gama narkewa, yana shanye zafi kimanin yunit 93, saboda haka firizar mai sayar da ruwan sanyi, in ta daskare da azahar, tana iya kai magariba ba a ba ta kome ba. Manyan gine-gine a ƙasashen Larabawa da Amurka suna daskarar da tankuna musamman don wannan. Niƙa da guga da cajin waya duk ana iya matsar da su. Abin da ake bukata shi ne farashi ya yi magana, a ce yunit na tsakar rana ya fi na magariba araha, ɗan Kano kuwa, wanda ke tashi daga Tarauni ya tafi Dawanau don rangwamen mudu, ba sai an yi masa wa'azi ba. A gefe guda kuma ga babban asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa tun 1988, wurin da ake bukatar ruwan zafi don wanki da tsarkake kayan aiki, ake kuma bukatar sanyi don jini da magani da ɗakin tiyata, dare da rana. Irin wannan maƙwabci shi ne wanda masu tsara tashar unguwa a ko'ina suke nema da fitila, domin zafin da inji ke zubarwa yana da mai saye a wurinsa, har akwai na'urar da ke juya wannan zafi ya zama sanyi.

In littattafan nan uku sun kammala, sai a miƙa wa kwamfuta tambaya: a cikin dukan hanyoyin da za a iya tafiyar da gobe, awa bayan awa, waɗanda ba su keta iyaka ko ɗaya ba, wace ce ta fi araha? Hanyoyin sun fi ƙarfin ƙirga. Inji uku kaɗai, kowanne ko a kunne ko a kashe, suna da hali 8 a sa'a guda, in kuwa aka jera sa'a 24 adadin zai kai lamba mai gurbi 22, tun ba a sako batir da famfo ba. Ilmin warware irin wannan ba baƙo ba ne ga malamanmu ta wajen asali, tun daga littafin Alkawarizmi na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, har zuwa Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla guda, ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma dabarar da ake aiki da ita yau ta fito ne daga Kantorobic na Rasha, wanda a 1938 wata masana'antar katako ta Leningirad ta tambaye shi yadda za ta raba aiki tsakanin injunanta, da kuma Danzig na Amurka, wanda a 1947 ya fito da hanyar da ke tafiya daga shawara zuwa wadda ta fi ta, tana tsallake miliyoyin da ba su da amfani, har ta tsaya inda babu sauran gyara. Yau ƙaramar kwamfuta ta ɗalibi tana gama lissafin unguwa guda kafin shayi ya huce. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba: ana tsara sa'a 24, a aikata ta farko kaɗai, sa'an nan a duba abin da ya faru, ko hadari ya taso ko an kawo wuta, a sake lissafin daga nan.

Sai dai kwamfuta amsa take bayarwa, ba ta zaɓen tambaya. In ka ce mata ta nemi mafi araha, ba ka ƙara kome ba, za ta gano da wuri cewa hanya mafi araha ita ce a yanke wa wanda ba ya iya biya da yawa, kuma ba za ta ji kunya ba. Ranar da bukata ta fi samu, wanda a wurinmu ba rana ɗaya ba ce, dole wani ya rasa, kuma faɗin wanda zai rasa hukunci ne na jama'a. A nan malaman fara'ili sun riga mu tsara hanya, domin ba a taɓa dukiyar mamaci don rabo sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Sa'an nan in rabon magada ya fi dukiyar yawa, kamar mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, shi yana da rabi su suna da sulusi biyu, sai a yi auli, asalin mas'ala ya tashi daga 6 ya koma 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, ba a ɗora shi bisa wuyan mutum ɗaya ba. Haka ya kamata a rubuta wa tashar unguwa: firjin allurar rigakafi da ɗakin haihuwa da famfon ruwan sha su fita tukuna, ba su cikin ciniki, abin da ya rage kuma a rage wa kowa bisa ƙa'idar da aka karanta a bainar jama'a, gaban mai unguwa da liman da shugabannin 'yan kasuwa, tun kafin ranar ƙunci ta zo. Samfuri yana iya gaya musu abin da kowane zaɓi zai ci, ya ce in kun fifita wannan layi kuɗin yunit zai ƙaru da kaza, wannan kuwa babbar hidima ce, gama gardama da lambobi a gaba ta fi gardama da zato.

Saura abu guda, wanda in babu shi duk abin da muka faɗa zance ne. Samfuri ba ya fin abin da aka ɗura masa gaskiya. Gidaje da yawa har yanzu ba su da mita, bil na ƙiyasi ake kawo musu. Wasu da ke da ita sun zagaye ta da waya, suna ganin dabara ce, alhali a tashar unguwa wanda aka cuta ba wani kamfani ne na nesa ba, maƙwabci ne da ake haɗa sahu da shi. Mai shago bai san lita nawa ya ƙona a wata ba, ya dai san aljihunsa ya yi sauƙi. Ɗalibanmu na aikin injiniya kuwa, da yawansu in sun zo rubuta kundin kammala karatu, sai su ɗauko lambobin bukata na wata ƙasa su ɗura wa kwamfuta, ta fito musu da zane mai kyaun gani na unguwar da babu ita a doron ƙasa. Ina ganin wannan hasarar ƙwazo ce, domin abin da duniya ba ta da shi, wanda kuma babu mai iya kawo shi sai mu, shi ne hoton yinin Gyaɗi-Gyaɗi na gaskiya, awa bayan awa, bazara da damina da hunturu da azumi.

Don haka roƙona ga malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil da na Kwalejin Fasaha ta Kano, da kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar Tarauni da Farm Centre, shi ne a zaɓi taransfoma guda da layin da ke ƙarƙashinta, a ɗaura mita mai rubuta abin da ya wuce kowane minti 15, a ba kowane mai inji littafi ya riƙa rubuta sa'ar da ya tayar da sa'ar da ya kashe da litar da ya zuba, a lizimci wannan wata 12 cur ba tsallake, sa'an nan a buga abin da aka samu da Hausa, a liƙa shi inda mutanen layin za su karanta. Kuɗin wannan aiki duka bai kai na babban inji guda ba.